Gawayi da Sinadarin da Ba Ya Ruɓewa

Tun da ɗan Adam ya fara tsabtace ruwan sha, dabarunsa ba su wuce uku ba: ko ya bar datti ya kwanta, ko ya tare shi, ko ya kashe shi. Alif da ake jefawa cikin randa yana tara laka ta nutse. Yashi da mataci suna tare abin da ke yawo. Tafasawa da kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta. Manyan gidajen ruwa na biranen duniya, duk da girman injinansu, a kan waɗannan dabaru aka gina su. A bayan dabarun kuwa akwai wani zato da ba a taɓa tuhuma ba, cewa duk abin da ya kuɓuce wa mataci, rana da ƙasa da tsawon kwanaki za su cinye shi. A tsakiyar ƙarni na 20 masana'antun Amurka suka fito da wani dangin sinadarai da ya ƙaryata wannan zato. Ba sa kwantawa, ba sa ruɓewa, kuma ba a kashe su domin ba rai gare su ba. Wanda ya tafasa ruwan ma ƙara musu kauri ya yi, tun da ruwa ne ke tashi tururi ya bar su a tukunya. Sunansu a taƙaice PFAS, adadinsu dubbai ne, kuma tun 2018 jaridu ke yi musu laƙabi da sinadaran har abada.

Asalinsu tsautsayi ne. Ranar 6 ga Afrilu, 1938, wani matashin masanin sinadarai mai suna Roy Plunkett, da ke aiki da kamfanin DuPont a jihar New Jersey, ya buɗe tukunyar iskar da yake gwaji da ita domin neman sabon sinadarin sanyaya firiji. Iska ba ta fito ba, alhali nauyin tukunyar bai ragu ba. Da aka yanka ta sai aka tarar da wani farin gari mai santsi wanda zafi ba ya narka shi da sauƙi, asid kuma ba ya cin sa. Shi ne aka sa wa suna Teflon daga baya. Sirrinsa yana cikin ƙullin da ke tsakanin ƙwayar kabon da ƙwayar fulorin, ƙullin da da wuya a sami kamarsa wajen ƙarfi. Masu ƙera bam ɗin nukiliya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne suka fara cin moriyarsa sosai, domin da shi suka toshe mahaɗar bututun da iskar yuraniyom ke cinyewa.

Bayan yaƙi sai kasuwa ta karɓa. Kamfanin 3M na jihar Minnesota ya sayi dabarar da Farfesa Joseph Simons ya ƙirƙiro ta lulluɓe sarƙar kabon da fulorin ta hanyar wutar lantarki, ya shiga sarrafa 'yan'uwan Teflon masu narkewa a ruwa. Biyu daga cikinsu suka fi shahara. Na farko PFOA, wanda ma'aikata ke kira C8 saboda ƙwayoyin kabon 8 da ke cikin sarƙarsa. Tun 1951 DuPont ke sayensa domin aikin Teflon a masana'antarsa ta Washington Works, kusa da garin Parkersburg a bakin kogin Ohio. Na biyu PFOS, wanda ya shiga Scotchgard mai hana tufafi da darduma tabo, ya kuma shiga kumfar kashe gobarar man fetur. Adalci ne a ce kumfar nan ta ceci rayuka: bayan gobarar jirgin ruwan yaƙi USS Forrestal a 1967, wadda ta halaka sojojin ruwa 134, rundunar ta rungume ta hannu bibbiyu, filayen jiragen sama na duniya suka bi sahu. Sai dai duk atisayen da aka yi da ita, cikin ƙasa ta tsiyaye.

Siffar waɗannan sinadarai kamar ta talibambam ce, kai da doguwar wutsiya. Wutsiyar, wato sarƙar kabon da fulorin, tana ƙyamar ruwa, tana ƙyamar mai. Kan kuwa yana son ruwa, yana kuma ɗauke da cajin lantarki. Kan ne ke jan sinadarin ya bi ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiyar kilomitoci, wutsiyar kuma ita ke hana shi lalacewa a hanya. Tun 1968 Donald Taves na Jami'ar Rochester ya gano wani nau'in fulorin a jinin mutane wanda ba irin na man goge haƙori ba ne. Duk da haka sai da aka shafe fiye da shekara 30 kafin jama'a su san sunan abin da ke yawo a jininsu.

Abin da aka ɗauko domin tunkarar wannan sabuwar guba kuwa tsoho ne tukuf. A 1773 Carl Wilhelm Scheele na ƙasar Suwidin ya nuna cewa gawayi yana riƙe iska. A 1785 Tobias Lowitz, a birnin Saint Petersburg, ya lura cewa idan aka kaɗa garin gawayi cikin ruwa mai launi, launin yakan ɓace. Masu tace sukari a Turai suka fi kowa saurin gane amfanin wannan, suka riƙa ƙona ƙasusuwan dabbobi suna faranta sukari da gawayinsu. A farkon ƙarni na 20 Raphael von Ostrejko ya yi rajistar hanyar ƙara wa gawayi ƙarfi, wadda har yau kusan ita ake bi: a ƙona itace, ko ɓawon kwakwa, ko kwal, ba tare da iska ba, sannan a busa masa tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1,000. Tururin yana ɓula masa ƙananan ramuka da lunguna waɗanda ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa bangon waɗannan lunguna, giram 1 na sarrafaffen gawayi zai ba da fili mai faɗin murabba'in mita kusan 1,000. Cikin babban cokali ɗaya ke nan zai rufe filin ƙwallo. Gawayin girki na kasuwa bai kama ƙafarsa ba, kuma ba zai yi wannan aiki ba.

Yaƙi ne ya mayar da shi babbar sana'a. Bayan da sojojin Jamus suka saki iskar kulorin a Ypres cikin Afrilun 1915, masanin nan na Rasha Nikolai Zelinsky ya ƙera takunkumin numfashi mai cike da sarrafaffen gawayi. A 1918 sai ga yara 'yan makaranta a Amurka suna bi gida-gida suna tara ƙwallayen 'ya'yan itace da ɓawon ƙwaya domin a ƙona wa sojoji. Da aka sauke makamai, masana'antun da suka rage suka nemi sababbin masu saye, kuma zuwa wajejen 1930 gidajen ruwa a Jamus da Amurka sun fara amfani da shi, ba don komai ba sai kawar da wari da ɗanɗano.

Akwai bambancin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan, domin duk sauran labarin a kansa ya rataya. Soso yana tsotse ruwa ya shigar da shi cikinsa. Gawayi ba tsotsa yake yi ba. Abu ne ke manne wa fuskarsa, kamar yadda ƙarangiya ke manne wa rigar wanda ya ratsa gona. Idan ruwa mai ɗauke da PFOA ya bi ta cikin gawayi, wutsiyar nan mai ƙyamar ruwa takan sami bango ta lafe. Sinadarin bai canja ba, ko ƙulli ɗaya bai kwance ba. Wurin zama kawai ya sauya.

Gawayi da C8 sun haɗu ne ta dalilin shanu. Wani manomi mai suna Wilbur Tennant, da ke kusa da Parkersburg, ya ga shanunsa suna ramewa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya har fiye da 150, bayan sun sha daga wani rafi da ke gangarowa daga juji mallakar DuPont. A 1998 ya kai kukansa ga Rob Bilott, lauya a birnin Cincinnati wanda, abin mamaki, aikinsa kare kamfanonin sinadarai ne. Takardun da kotu ta tilasta wa kamfanin ya miƙa sun nuna cewa an zubar da tan 7,100 na laka mai C8 a jujin, cewa tun 1981 kamfanin ya janye mata daga sashen Teflon bayan wani gwaji a kan ɓeraye, kuma tun 1984 ya auna ruwan famfon garuruwan maƙwabta ya sami sinadarin, bai gaya wa masu sha ba. Shari'ar shanu ta haifi shari'ar jama'a. A sulhun da aka cim ma a 2004, kamfanin ya amince ya kafa matatu a gundumomin ruwa 6 na jihohin West Virginia da Ohio, ya kuma biya kuɗin wani bincike mai zaman kansa. Mutum kusan 69,000 suka ba da jininsu. Zuwa 2012 masana uku da aka ɗora wa aikin sun bayyana cewa akwai alamar alaƙa mai ƙarfi tsakanin C8 da cututtuka 6: sankarar ƙoda, sankarar 'ya'yan maraina, cutar maƙoƙo, gyambon babban hanji, hawan jinin masu juna biyu, da yawan kitse a jini.

A garin Little Hocking, da ke tsallaken kogi daura da masana'antar, ruwan famfo ya ƙunshi C8 fiye da kashi 3,000 cikin tiriliyan, jinin mazauna kuma ya tara kusan ninki 100 na abin da ke cikin ruwan. A 2007 aka kunna tankokin gawayi a can da kuma Lubeck. Kusan nan take sinadarin ya ɓace daga famfo. Masana suka ga damar da ba a cika samu ba: ga mutane da aka san ranar da suka daina shan guba, saura a ga yaushe za ta bar jikinsu. Suka bi wasu daga cikinsu suna auna jini, kuma sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa sai bayan shekara 2 da 'yan watanni rabin abin da ke jiki yake fita. Gawayi ya tsabtace ruwa cikin mintuna, ƙoda kuwa tana buƙatar shekaru. Ko da hakan, nasara ce ta gaske, kuma garuruwa da dama da suka gano PFAS a ruwansu, daga Oakdale a Minnesota zuwa Arnsberg a Jamus da yankin Veneto a Italiya, su ma gawayi suka fara nema.

Amma gawayi masauki ne mai ƙayyadaddun ɗakuna, kuma ba PFAS kaɗai ke neman wurin kwana ba. Ruɓaɓɓen ganye da sauran dattin halitta da ke narke a ruwan kogi sun ninka shi yawa sau dubbai, su ma suna mannewa. Wata rana ɗakunan sukan cika, guba ta fara zurarewa ba tare da ruwan ya canja launi ko ɗanɗano ba. Shi ya sa injiniyoyi ke jera tanki biyu, ɗaya gaban ɗaya, suna ɗibar ruwa daga tsakaninsu zuwa ɗakin gwaji. Da zarar na farko ya fara yoyo, a kwashe gawayinsa a zuba sabo, na biyu ya dawo gaba. Tsawon wutsiya kuma shi ke yanke hukuncin wanda zai zauna. Mai kabon 8 yana da wurin riƙo da yawa. Mai kabon 4 riƙonsa sako-sako ne, yakan zurare da wuri, har ma idan doguwar wutsiya ta iso takan ture gajera daga mazauninta, ta yadda akwai lokacin da ruwan da ke fita daga tanki zai fi wanda ya shiga yawan gajerun.

A nan ne tarihi ya yi wata irin juyawa. A 2000 kamfanin 3M ya sanar da daina yin PFOS. A 2006 manyan kamfanoni 8 suka yi wa hukumar kare muhalli ta Amurka alkawarin barin PFOA kafin ƙarshen 2015. Yarjejeniyar Stockholm ta saka PFOS cikin jerin sinadaran da aka taƙaita a 2009, PFOA kuma cikin waɗanda aka haramta a 2019. Masana'antu ba su bar fulorin ba. Sarƙar suka gajarta. Hujjarsu ita ce gajerun ba sa daɗewa a jinin mutum, kuma akwai gaskiya a ciki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dalilin da ya sa jiki ke sakinsu da wuri kusan shi ne ya sa gawayi ma ke sakinsu, a muhalli kuwa ƙullinsu bai fi na magabatansu saurin kwancewa ba.

Mutanen Wilmington, a jihar Carolina ta Arewa, su suka biya kuɗin wannan darasi. A watan Yunin 2017 jaridar garin ta buga labarin binciken da Farfesa Detlef Knappe da abokan aikinsa suka yi, wanda ya nuna cewa kogin Cape Fear yana ɗauke da GenX, sinadarin da DuPont ya maye gurbin C8 da shi a 2009, tare da wasu ƙananan 'yan'uwansa da ko suna ba a san su da shi ba. Daga masana'antar Fayetteville Works suke gangarowa, wadda a lokacin ta koma hannun Chemours, kamfanin da aka ɓalle daga DuPont a 2015. Daga baya aka ji cewa tun 1980 sinadarin ke shiga kogin a matsayin ragowar wani aiki. Gidan ruwan Sweeney da ke shayar da birnin yana da kayan aiki na zamani, har da ozon da hasken kashe ƙwayoyin cuta, amma sinadaran sun ratsa shi kamar ba a yi komai ba. Hukumar ruwan ta gina manyan ramukan tacewa 8, ta zuba musu gawayi kimanin tan 1,300, a kan dala miliyan 43, aka fara aiki da su a Oktoban 2022. Saboda gajerun sarƙoƙi, dole a riƙa sauya gawayin akai-akai, wanda ke cin miliyoyin daloli kowace shekara. A kwarin Ohio kotu ta sa mai ɓarna ya biya. A Wilmington kuwa cikin takardar kuɗin ruwa aka raba wa jama'a, hukumar ta shigar da ƙara tana jiran ranar da za a mayar mata.

Rauni irin wannan ne ya dawo da hankali kan wani abin kamawa na biyu, wato ƙwayoyin roba masu musanya, waɗanda Basil Adams da Eric Holmes suka fara haɗawa a Ingila a 1935. Ba su kai ƙwayar gero girma ba. Kowace tana ɗauke da cajin da ke kishiyar na kan PFAS, tana riƙe da ƙwayar gishiri marar lahani. Idan sinadarin ya zo wucewa sai ta saki gishirin ta cafke kansa, wutsiyar kuma ta manne wa jikin robar. Riƙo biyu ke nan maimakon ɗaya. Inda gawayi ke buƙatar ruwa ya zauna da shi minti 10 zuwa 20, su minti 2 ko 3 sun ishe su, don haka tankokinsu ƙanana ne; gundumar Orange a jihar Kalifoniya su ta zaɓa domin rijiyoyinta. Sun fi tsada, akasarinsu sau ɗaya ake amfani da su, kuma mafi gajerun sarƙoƙi su ma sukan kuɓuce musu. Akwai kuma masu barin dabarar kamawa gaba ɗaya su matsa ruwa ta cikin wata fata mai matuƙar ƙanƙantar ƙofofi. Wannan tana tare kusan komai, amma tana barin ragowar ruwa mai kaurin guba wanda shi ma sai an nema masa wurin zuwa.

Ana cikin haka, ma'aunin abin da ake ɗauka ruwa mai lafiya yana ta sauka. A 2009 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da shawarar kada PFOA ya wuce kashi 400 cikin tiriliyan. A 2016 ta mayar da shi 70. A Afrilun 2024 ta kafa doka: kashi 4 ga PFOA, kashi 4 ga PFOS. Kashi 4 cikin tiriliyan daidai yake da ɗigo 4 a cikin ruwan da zai cika tankokin mota 1,500, irin masu ɗaukar lita 33,000. Hukumar ta ƙiyasta cewa kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na gidajen ruwa 66,000 ne za su gyara aikinsu, a kan kimanin dala biliyan 1.5 kowace shekara, ƙungiyar masu gidajen ruwan kuwa ta ce kuɗin ya fi haka nesa ba kusa ba. A 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya aƙalla dala biliyan 10.3 ga gidajen ruwa, ba tare da amsa laifi ba. A Mayun 2025 sabuwar gwamnati ta ce za ta bar dokar sinadarai biyun, ta ɗage wa'adinta zuwa 2031, ta kuma janye iyakar da aka sa wa GenX da wasu, wato ainihin waɗanda suka fi wuyar kamawa.

Saura tambayar da kowace motar da ta bar gidan ruwa da ƙosasshen gawayi ke ɗauke da ita. Idan aka binne shi a juji, ya haɗu da tsofaffin darduma da takardun naɗe abinci masu irin wannan sinadari, ruwan da ke tsiyayowa daga jujin kuma matatar ƙazanta ake kai shi, wadda ba ta iya cire PFAS. Wani kaso ya koma kogi, wani ya zauna a lakar matatar, wadda aka daɗe ana ba manoma a matsayin taki. Ta wannan hanya guba ta shiga madarar shanu a jihar Maine, har jihar ta haramta baza irin wannan laka a gonaki a 2022.

Hanya ta biyu wuta ce. Ana mayar da gawayin cikin tanderu mai zafin da ya kusa digiri 1,000, abin da ya manne masa ya tashi, a ƙona hayaƙin, a wanke shi da farar ƙasa, gawayin ya koma bakin aiki. Masu wannan sana'a suna da alƙaluman da ke nuna cewa kusan duk sinadaran da ake aunawa suna ɓacewa. Sai dai ɓacewar abin da aka auna ba ita ce kwancewar kowane ƙulli ba: idan zafi bai isa ba, doguwar sarƙa takan kakkarye zuwa ƙananan iskoki masu fulorin, kuma mafi taurin kai a cikinsu sai zafi ya haura digiri 1,400 yake rushewa. Mazauna garin Cohoes a jihar New York, da suka gano a 2020 cewa ana ƙona tsohuwar kumfar sojoji a wata masana'anta da ke jikin gidajensu, ba su jira masana su daidaita ba. Majalisar garin ta hana.

A ɗakunan gwaji ana neman hanya ta uku. William Dichtel na Jami'ar Northwestern, wanda tun farko ya haɗa wani abin kamawa daga sitacin masara mai siffar ƙananan kofuna, ya wallafa tare da ɗalibarsa Brittany Trang a 2022 cewa idan aka dafa PFOA cikin soda mai ƙuna da wani ruwan narkarwa na yau da kullum, a zafin da bai wuce digiri 120 ba, kan yakan guntule, wutsiyar kuma ta warware ƙulli bayan ƙulli. Dabarar ba ta aiki a kan kogi. Sai an fara tara gubar wuri ɗaya, wato sai gawayi ko ƙwayoyin roba sun gama nasu aikin. Ta yi tasiri a kan PFOA da GenX. PFOS, wanda kansa na farar wuta ne, ya fito daga kwalbar yadda ya shiga.